Dokar Benedikt da Abokin Aiki Mai Wuyar Hali

Wajen shekara ta 500 bayan haihuwar Almasihu, wasu sufaye a ƙasar Italiya suka zuba wa shugabansu guba a ruwan inabi. Su da kansu suka je suka roƙe shi ya shugabance su, lokacin yana zaman kaɗaici a wani kogo a Subiyako, gabas da birnin Roma. Ya faɗa musu halinsa da nasu ba za su zo ɗaya ba, suka nace. Da ya fara tsare doka, sai suka ga ya ishe su. Paparoma Giregori Babba, wanda ya rubuta labarinsa wajen 593, ya ce da aka miƙo ƙoƙon, sai shugaban ya yi alamar gicciye a kansa, nan take ƙoƙon ya fashe. Mutumin ya roƙa musu gafarar Allah, ya ce su nemi shugaban da ya dace da su, ya koma kogonsa.

Sunansa Benedikt, haifaffen Nursiya wajen 480. Tsiyar ba ta ƙare nan ba. Da gidajen sufaye goma sha biyu da ya kafa suka yi suna, wani fada na unguwar, Filorentiyus, ya kamu da hassada har ya aika masa gurasa mai guba. Da Benedikt ya ga mutumin ya koma neman lalata almajiransa, sai ya bar masa wurin, ya tafi Monte Kasino wajen 529. Yana hanya aka aiko masa cewa bene ya rushe da Filorentiyus, ya mutu. Benedikt ya yi kuka, ya kuma hori almajirinsa Maurus saboda ya aiko da labarin yana murna.

Mutumin da ya sha irin wannan shi ne ya rubuta dokar zaman sufaye mai babi 73. Gidan sufi wurin aiki ne sosai: akwai gona, madafa, sito, masauƙin baƙi, ɗakin majinyata. Bambancinsa da ofis shi ne ba a tashi. Wanda ya ɓata maka rai a gona, da shi za ka ci abinci, kusa da shi za ka tsaya a sujada, ɗaki ɗaya za ku kwana. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Benedikt ya san haka, shi ya sa bai bar saɓani ya zama abin da kowa zai yi yadda ya ga dama da shi ba.

A babi na 13 ya ce a ƙarshen addu'ar asuba da ta yamma shugaba ya karanta Addu'ar Ubangiji da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, kowa yana ji. A sauran lokutan, a sashen ƙarshe kawai ake ɗaga murya. Ya faɗi dalili a fili: saboda rigingimun da kan tsiro tsakanin 'yan'uwa. Sau biyu a yini, mutum zai ji ana roƙon Allah ya gafarta masa gwargwadon yadda shi ma yake gafartawa, ga kuma wanda yake riƙe da shi a zuciya tsaye a gefensa. A babi na 4 ya ƙara da cewa a yi wa abokin gaba addu'a, a kuma shirya kafin rana ta faɗi.

Ya bi ƙananan wuraren da faɗa kan fara. Aikin madafa mako-mako ne, ba wanda ya fi ƙarfinsa sai mara lafiya ko mai wani babban aiki. Ranar Asabar mai sauka ya wanke tawul, ya mayar da kayan aiki ga mai sito a tsabtace, ba fashe ba ɓata, sannan shi da mai karɓa su wanke ƙafafun kowa. Mai sito kuwa, in aka roƙe shi abin da ba shi da shi, ya ba da kyakkyawar magana. Gwanin sana'a da ya fara ɗaga kai don yana ganin shi ke ciyar da gidan, a ɗauke shi daga sana'ar sai ya sauko.

Na yi aikin jinya a wani asibitin mishan, inda kowace safiya mukan taru mu yi waƙa, mu karanta Littafi Mai Tsarki, mu yi Addu'ar Ubangiji kafin masu aikin dare su miƙa mana. Akwai wata babbar nas da takan yi min tsawa a gaban majinyata. Na kai kukana wurin wata dattijuwa da muke kira Mama, na ce ina yi mata addu'a kullum. Ta ce, "'Yata, Allah ya ji. Ita fa, ta ji? Je ki same ta ku biyu. In ta ƙi, ki zo mu koma tare." Mama ba ta taɓa karanta Benedikt ba. Daga Matiyu sura 18 ta ɗauko, inda shi ma ya ɗauko.

A babi na 23 zuwa 28 ya jera matakan. A yi wa mai taurin kai faɗa a asirce sau ɗaya, sau biyu. In ya ƙi, a gaban jama'a. In ya ƙi, a ware shi daga teburin cin abinci ko wurin sujada. Akwai bulala ma, irin ta zamaninsa, wadda ba wanda zai kare ta yau. Amma a lokacin warewar, shugaba ya tura dattawa masu hankali su lallashe shi a ɓoye, kada baƙin ciki ya cinye shi. Idan duk magani ya kasa, sai a ɗauko wanda Benedikt ya ɗauka ya fi kowanne ƙarfi: dukan gidan su yi masa addu'a. Sai bayan wannan ne za a sallame shi, don kada ya ɓata sauran.

Tarukan da aka yi a birnin Aachen a 816 da 817 suka sa wannan doka ta zama ta gidajen sufaye a daular Farankawa. Har yau ana bin ta, har a Ewu ta Jihar Edo, inda sufaye daga Ayalan suka kafa gida a 1979.

Abin da nake so Kirista mai aiki ya ɗauka shi ne, magabata ba su taɓa raba addu'a da magana ba. Sau da yawa mukan ce wa wanda ake cuta ya yi haƙuri, ya bar wa Allah, alhali mun bar shi shi kaɗai da mai cutarsa. Haƙurin da Benedikt ya koyar yana da baki, yana da shaidu, yana kuma da iyaka. Wani lokaci rabuwa ita ce mafita. Bulus da Barnaba sun yi gardama mai zafi a Antakiya kan Yohanna Markus, wanda ya gudu ya bar su a tafiyar farko, har kowa ya kama hanyarsa. Amma Bulus bai rufe ƙofa ba. A wasiƙarsa ta biyu ga Timoti ya roƙa a zo masa da Markus, don yana da amfani gare shi a hidima. Benedikt ma ya ce ɗan'uwan da ya bar gidan, in ya dawo da alkawarin gyara halinsa, a karɓe shi, har sau uku.