Sunayen Ƙoramu da Kwarurruka a Ƙasar Illela: Matsayinsu a Nazarin Tarihi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu jawo hankalin 'yan'uwa manazarta ga wata majiya da muka daɗe muna tsallakewa, watau sunayen ƙananan ƙoramu da kwarurruka da tabkuna na karkara. Mun ɗauki yankin Garu da Kalmalo na ƙasar Illela, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, don ya zama abin misali.

Bahaushe ba ya yi wa ruwa kuɗin goro. Gulbi daban yake da rafi, ƙorama ba ta gudu sai da damina, tabki yana riƙe ruwa bayan sama ta ɗauke, fadama kuwa damshi take ajiyewa don noman rani. Bafillace ma yana da nasa, kamar maayo da weendu. Saboda haka suna ɗaya kan shaida mana irin ruwan da ke wuri, da harshen waɗanda suka raɗa shi.

Abin lura shi ne, irin wannan suna bai cika shiga takarda ba sai wani babban al'amari ya auku a wurin. Da ba don karon da jama'ar Shehu Usmanu suka yi da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a watan Yuni na 1804 ba, da wuya a san Tabkin Kwatto a nesa da Gudu. Haka kuma yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906, da aikin kafa alamun iyaka na 1906 zuwa 1908, suka bar Birnin Ƙonni a hannun Faransa, suka raba kwarin Majiya da Tabkin Kalmalo inda ruwansa ke tuƙewa. Tun daga nan sunayen kwari guda suka rabu gida biyu, wasu da rubutun Faransanci, wasu da na Ingilishi.

Sauran ƙananan sunaye kuwa suna bakin manoma da makiyaya, kuma da su dattawa ke nuna iyakar gona da burtali da mashaya in rigima ta tashi. Farin 1973 da na 1984, da madatsun da aka gina a Majiya, sun sa ruwan Kalmalo ya ja baya ƙwarai. In ruwa ya ƙafe aka nome gurbinsa, sunan kan bi shi, shaida kuma ta ɓace.

A Sikotilan, masu safiyo na ƙarni na 19 sun bi mazauna karkara suna tambaya, suka rubuta sunayen ƙoramu na harshen Gelik a littattafan da ake amfani da su har yau. Shawararmu ga wannan taro ita ce sassan Hausa da Tarihi na jami'o'inmu, tun daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su tura ɗalibai ƙauye ƙauye su tattara kowane suna da lafazinsa da wurinsa da labarinsa, tun masu riƙe da su suna raye.