Kanumfari: Daga Tsibiran Maluku Zuwa Ramin Haƙori

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori a ƙasar Hausa ya ji tsofaffi suna cewa, "Nemi kanumfari ka danne a wurin." Da fari zai ɗan ƙona dasashi, can kuma wurin ya yi dundum, raɗaɗin ya lafa. Kakata a gwangwani ɗaya take ajiye shi da citta da masoro da kimba, har na girma ina zaton a gonakinmu yake fitowa. Ashe baƙo ne, daga nesa ƙwarai.

Asalinsa wasu ƙananan tsibirai ne na Maluku, a gabashin Indunusiya ta yau, irin su Ternate da Tidore da Makian da Bacan. Furen itacen ne ake tsinka da hannu kafin ya buɗe, lokacin da ya soma ja, a shanya a rana har ya yi duhu ya ƙanƙance. Tun zamanin daular Han ta Sin, fadawa kan sa shi a baki kafin su yi magana gaban sarki. Fatake Larabawa suka kai shi Misra, daga nan ya shiga Turai.

Abin da ke sosa mini rai shi ne zuwan kamfanin Turawan Holan a ƙarni na 17. Sun ga ribar, suka ƙudurta kowa ba zai taɓa ta ba sai su. A 1652 suka ɗaure Sarkin Ternate da yarjejeniya, aka riƙa sare itatuwan kanumfari a tsibiran da ya fito, aka taƙaita nomansa a Ambon da 'yan tsibiran kusa da ita. Jiragen yaƙi na zagayawa suna neman itacen da aka ɓoye. Manomin da ya gaji itace daga kakanninsa ya wayi gari mai laifi ne don ya bar shi a tsaye, duk don kada farashi ya faɗi a Amsterdam.

Bafaranshe Pierre Poivre ne ya karya wannan babakere. A 1770 mutanensa suka fitar da dashe a ɓoye zuwa tsibirin Morishiyas. Daga wannan yankin itacen ya isa Zanzibar a farkon ƙarni na 19, inda Sayyid Sa'id, Sarkin Oman, ya matsa wa masu gonaki su shuka shi. Kafin tsakiyar ƙarnin, Zanzibar da Pemba sun zarce kowa a duniya. Amma bayin da aka kwaso daga cikin Afirka ta Gabas ne ke hawa itatuwan suna tsinka. Guguwar 1872 ta kwantar da yawancin gonakin Zanzibar, ragamar ta koma Pemba.

To, me ke cikin kanumfari? Idan aka turara busasshen furen da tururi, ana samun mai, kuma kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na man wani sinadari ne da ake kira yujinol. Shi ke kashe jin zafi a wurin da ya taɓa. Binciken ɗakin gwaji ya nuna yana rage samar da sinadaran firostagilandin, waɗanda ke jawo kumburi da raɗaɗi. Likitocin haƙori sun fi shekara ɗari suna kwaɓa shi da farin garin zink suna toshe rami na wucin gadi. Wannan ƙamshin da ke tarbarka a asibitin haƙori, sau da yawa nasa ne.

Sai dai ƙwaya biyu a kunun zaƙi ko zoɓo daban, zallar mai a kwalba daban. Man yana ƙona fatar baki, yaro kuwa in ya sha ko kaɗan ne yana iya lalata masa hanta. Kuma yana kwantar da ciwo ne kawai, ruɓar tana nan tana ci.

Yau Indunusiya ta koma kan gaba wajen noman kanumfari, amma mafi yawansa a sigarin da suke kira kretek yake ƙarewa, har takan sayo ƙari daga Madagaska.