Kiwon doki a Gwammaja

Kiwon doki a Gwammaja wani ɓangare ne na tsohuwar al'adar ajiye dawaki a cikin birnin Kano. Gwammaja unguwa ce da ke cikin ganuwa, a ƙaramar hukumar Dala, kusa da Dutsen Dala da Ƙofar Ruwa, kuma a nan ne gidan Malam Aminu Kano yake, wanda ake kira Mambayya. Kamar a sauran unguwannin cikin birni, ana ajiye doki ɗaya ko biyu a turke, a ƙofar gida ko a ƙaramar barga. Yawancinsu ingarmu ne, domin goɗiya da haihuwarta sun fi dacewa da ƙauye, inda akwai fili da ciyawa.

Tarihi

Doki ya daɗe yana da daraja a Kano. Kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390–1410) ne ya shigo da lifidi da sulke, kuma yana aika dawaki zuwa Kwararrafa. An danganta al'adar dawakin zage, wato dawakin da ake ja a gaban sarki ba tare da mahayi ba, ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Sarautu irin su Madaki da Sarkin Dawaki da Shamaki duk sun samo asali ne daga harkar doki. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, doki ya daina zama abin yaƙi, ya koma abin ado da hawan sallah.

Irin dawakin

Dawakin ƙasar Hausa ba su kai na Turai girma ba. Masana suna danganta su da jinin dokin Barb na Arewacin Afirka da na Dongola ta ƙasar Sudan. A ƙa'idar wasannin doki ta duniya, dokin da tsayinsa bai wuce santimita 148 ba daga ƙasa zuwa doron kafaɗa ana sa shi a ajin ƙananan dawaki, kuma da yawa daga dawakin gida suna kusa da wannan awo. Gajeren doki mai ƙarfi shi Hausawa ke kira kuru. An san irinsa a tsaunukan Filato da kudancin Chadi.

Namijin doki shi ne ingarma, mace goɗiya, ɗan kuwa duƙushi. Ana kuma kiran doki da launinsa: akawal shi ne baƙi, kili fari, sai bikili da hurde da gunya da danda.

Aikin yau da kullum

Aikin barga yakan fara bayan sallar asuba. Mai kula da doki zai share wurin, ya kwashe kashi, ya zuba sabon yashi inda fitsari ya jiƙa, sannan ya ba shi ruwa. Doki yakan sha lita 20 zuwa 40 a rana, ya kuma fi haka a lokacin bazara. Abincinsa harawa ne da ciyawa da dusa, da dawa ko gero, ana kuma jiƙa masa kanwa lokaci zuwa lokaci. Da yake cikin doki ƙarami ne, ana raba abincin kashi-kashi, safe da rana da dare. Idan aka cika masa hatsi a lokaci guda yana iya kamuwa da ciwon ciki, kuma doki ba ya iya amai.

Da hantsi ake wanke shi, a goge jikinsa, a taje geza da wutsiya, a duba kofato ko dutse ya maƙale. Da la'asar ake fita kilisa. Ga dokin da ya wuni a ɗaure, kilisa ba nishaɗi kawai ba ce: rashin motsi yana kumbura masa ƙafafu, ya kuma sa shi faɗa. Yara da samarin unguwa sukan taya wannan aiki, a nan suke koyon ɗaura sirdi da sa linzami da riƙe ragama.

Kashin doki ba a zubar da shi. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin cikin birni zuwa gonakinsu.

Barbara da haihuwa

A al'adar Hausawa namiji ba ya son a gan shi a kan goɗiya, musamman a ranar hawa, shi ya sa ba a cika ganinta a cikin birni ba. Mai goɗiya yakan bar ta a gonarsa ta ƙauye, a kai mata ingarma mai kyan ƙira idan lokacinta ya yi. Takan ɗauki ciki kimanin wata 11, ta haifi ɗa ɗaya. Duƙushi yakan miƙe tsaye cikin awa ɗaya ko biyu, ya fara shan nono. Ana yaye shi yana da kimanin wata 6, amma ba a ɗora masa sirdi sai ya kai shekara 2 zuwa 3, lokacin da ƙashinsa ya yi ƙwari.

Wanda ba shi da goɗiya sayen doki yake yi. Dawaki da yawa suna shigowa daga Nijar da Chadi ta kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari a Jihar Jigawa. Mai saye yakan duba haƙori don sanin shekaru, ya duba ƙafa da tafiya.

Cututtuka

Damina ce lokacin da aka fi fargaba, saboda ƙananan ƙwari masu cizo da ke yaɗa annobar dawaki ta Afirka, wadda ke kisa cikin 'yan kwanaki. Wasu masu doki sukan hura hayaƙi a barga da magariba don korar ƙwari. Akwai kuma kaska da tsutsar ciki da gyambon sirdi. Sammore, wadda ƙudan tsando ke kawowa, ita ce ta hana kiwon doki yaɗuwa a dazuzzukan kudu.

Amfani da ƙalubale

Babban lokacin doki shi ne sallah, inda ake Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, da na Ɗorayi ko Fanisau. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya. Ana kuma bayar da hayar doki don hawan angwanci, wasu kuma suna shiga sukuwa.

Sai dai kiwon yana fuskantar matsi. Gine-gine sun cinye filayen da ake kilisa, don haka mahaya sukan hau titi tare da motoci da adaidaita sahu, abin da ke jawo haɗari da ƙorafin jama'a. Hatsin da doki ke ci shi ne abincin mutanen gida, saboda haka tsadar dawa da gero tana taɓa barga kai tsaye. An kuma dakatar da hawan sallah a 2020 saboda annobar korona, sannan a 2024 saboda rikicin masarauta. A irin waɗannan lokuta mai doki yakan ciyar da shi ba tare da ya samu ranar hawa ba.