Nguru: Garin da Layin Dogo Ya Tuƙe

Nguru gari ne a arewacin Jihar Yobe, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, kuma nan ne layin dogo da ya taso daga Kano ya tuƙe. Garin ya girmi jirgin ƙasa nesa ba kusa ba, domin a zamanin Daular Borno a nan Galadima yake zaune yana tsaron yammacin ƙasar.

Layin ya iso Nguru a 1930, bayan ya ratso Ringim da Malam Madori. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi ne domin kwasar amfanin ƙasa. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da dabbobi daga Borno da ƙasar Nijar sai suka riƙa taruwa a tashar kafin a yi kudu da su. Gashuwa, hedikwatar Masarautar Bade, ba ta samu layin ba, don haka kayanta ma ta Nguru suke bi. Wannan ciniki ne ya jawo Hausawa da Yarabawa da Ibo suka zauna tare da Mangawa da Fulani.

Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Nguru na da mutum sama da 150,000. Da manyan motoci suka karɓe dakon kaya, tashar ta yi sanyi. Yau jama'a sun fi dogara ga noma da kamun kifi a fadamar Haɗeja-Nguru, inda ciyawar kachala ke toshe hanyoyin ruwa tana cinye gonaki.