Zare: Ungulun Amurka, ƙwai a inji, da agwagin Anka

1/ Jama'a, a 1982 wata ƙatuwar ungulu ta Amurka mai suna kondo ta kusa ƙarewa, guda 22 kacal suka rage a duniya. In ta buɗe fikafikai sun kusa mita 3. Ku biyo ni, labarin nan zai iso har Anka da Bukkuyum.

2/ Kondo ba ta da yawan haihuwa. Ƙwai ɗaya take yi, sau da yawa sai bayan shekara 2. Masana suka lura in an ɗauke ƙwan da wuri, takan sake yin wani. Mu 'yan Gummi mun san dabarar: a kwashe ƙwan zabuwa a sa wa kaza.

3/ Su kazarsu inji ce. Ƙwan yana yin kusan wata 2 a ciki, ana jujjuya shi, ana auna zafi da danshi. A Maris 1983 aka ƙyanƙyashe na farko a gidan namun daji na San Diego, aka sa masa suna Sisquoc. Da 'yar tsana mai kan kondo ake ba su abinci, don kada su saba da mutum.

4/ A 1987 aka kamo duk na daji, jimilla 27. An fara sakin 'ya'yansu a 1992. Yau sun haura 500.

5/ To amma fa abin da ya fi kashe su har yanzu dalma ce. Maharbi ya harbi dabba, harsashi ya tarwatse a nama, kondo ta ci mushen. Inji bai iya maganin wannan ba.

6/ A farkon 2010 agwagi suka riƙa ɓacewa a ƙauyukanmu, ba wanda ya damu. Ashe ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida cike take da dalma. Kafin likitocin MSF su shawo kan abin, an rasa yara kusan 400 a Dareta, Yargalma da maƙwabtansu. Allah Ya jiƙansu.

7/ Can, ana kamo kondo a gwada jininta, in da dalma a yi mata magani. Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019. Nan kuwa, yaran Bagega sai da suka jira har 2013 kafin a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajensu.