Nana Asma'u da Waƙoƙin 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Ɗagel cikin shekarar 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hasan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, watau dai ta tashi ne cikin ƙurar jihadi. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta kuwa rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Allah ya ji ƙanta.

Abin da ya kamata masu nazari su lura da shi shi ne, ba domin a karanta a zuci ta yi waƙoƙinta na Hausa ba. Da Larabci takan yi wa malamai magana, da Fulatanci ta yi wa dangi da almajiran gidan Shehu, amma Hausa ta tanada domin talakawa, musamman matan ƙauye da kuyangin da yaƙi ya kawo, waɗanda ba su san baƙi ba balle wasali. Bayan 1830 ta shiga naɗa dattijan mata, ana ce wa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan kuwa da can alama ce ta Innar Gobir, shugabar 'yan bori. Hikimar karɓe ta ba ƙarama ba ce. Jaji takan jawo ayarin tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Nana, su hardace waƙa da murya, sa'an nan su koma gida su rera wa matan aure. Su ne 'yan taru.

Waƙar Tabbat Haƙiƙa ta isa misali. Shehu ne ya tsara ta da Fulatanci wajen 1812, yana gargaɗin masu mulki da alƙalai kan zalunci da cin hanci da ƙwace dukiyar talaka. Nana ta juya ta zuwa Hausa a 1831, ƙanenta Isa kuma ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ƙwar biyu. Saboda haka mai cewa waƙar Shehu ce bai yi ƙarya ba, amma ya danne haƙƙin mutum biyu. Kalmomin nan biyu na sunanta su ke rufe kowane baiti, har wanda bai hardace kome ba ya iya shiga amshi tare da jama'a.

A nan kwatanci da wata ƙasa zai yi amfani. A birnin Boston na Amurka an yi wani majemi, William Billings (1746 zuwa 1800), mai tsara waƙoƙin coci, yana kuma koya wa talakawa rerawa a makarantun waƙa. A 1770 ya buga littafi mai ɗauke da kari fiye da 120, ko wanne an rubuta shi da alamun sauti domin muryoyi huɗu ko biyar. A waɗansu ma murya ɗaya ke farawa, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ya mutu matalauci, kabarinsa ko alama babu, amma duk wanda ya iya karanta alamun nan zai tayar da muryar kamar yadda ya tsara ta.

Nana ba ta da irin wannan. Takardar ajami ta riƙe kalmomi, ta riƙe ramzin shekara a baitin ƙarshe, amma muryar tana bakin jaji. Duk da haka ajamin ya fi boko adalci, domin da alifi da wawu da ya yakan nuna dogon wasali, a kan tsawon gaɓa kuwa aka gina karin waƙar. Boko ya shafe wannan. Ɗalibin Kano da aka miƙa wa waƙar cikin boko, ga ta kuma da Sakkwatanci, sai ya gajarta inda aka ja, karin ya karye bai sani ba.

Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta cikin littafi guda a 1997, aiki ne kuwa na a yaba. To, amma malamin kwalejin horon malamai da zai koyar da Tabbat Haƙiƙa, gara ya fara neman tsohuwa ko makahon da ya gaji muryar, ya zaunar da ɗalibai su saurara su amsa, kafin a buɗe littafi.