Wayar kulocin babur

Wayar kuloci waya ce ta ƙarfe da ke haɗa hannun kuloci, wanda ke gefen hagu na kan babur, da kulocin da ke cikin inji. Idan mai tuƙi ya matse hannun, wanda makanikai ke kira liba, wayar na jan wani ɗan ƙarfe a jikin inji, sai kuloci ya raba injin da giya domin a canza giya ko a tsaya ba tare da injin ya mutu ba. A babura na hannu, yawancin matsalolin da ake ɗora wa kuloci daga wayar ko libar suke farawa, shi ya sa ake duba su kafin a buɗe inji.

Asali

Wannan irin waya ana kiranta wayar Bowden, daga sunan Ernest Monnington Bowden wanda ya yi rajistar ƙirƙirarta a Ingila a shekarar 1896 domin birkin keke. Daga baya aka yi amfani da ita a kuloci da totur da birkin babura. Babura irin su Bajaj Boxer da Honda CG125 da waya kulocinsu ke aiki. Wasu manyan babura kuma da matsin mai nasu ke aiki, kamar birkin mota. Honda Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1958, da baburan da aka kwaikwaya daga gare shi ba su da liba, domin kulocinsu da kansa yake kamawa ya saki.

Yadda take aiki

Wayar kashi biyu ce. Akwai ta ciki, wadda siraran ƙarafa ne aka tufka kamar igiya, kowane ƙarshe da ɗan dunƙulen ƙarfe da ke maƙalewa a gurbinsa. Akwai kuma kube, wato bututun da ta cikin ke zamewa a cikinsa. Kuben ba ya motsi, ta cikin ce ke kai da kawowa.

A cikin inji, kulocin yawancin babura faifai ne da dama a jere cikin man inji, sifirin na danne su. Muddin suna danne, ƙarfin inji na isa taya. Jan wayar ne ke sassauta su.

Ana barin ɗan wasa a liba, wato tazarar da take motsawa sakayau kafin a ji ta fara jan kuloci. A babura da yawa wasan yana tsakanin milimita 10 zuwa 20 idan an auna a ƙarshen liba, amma littafin kowane babur shi ke faɗin ainihin awonsa. Wasan ba ya zama yadda aka saita shi: miƙewar waya na ƙara shi, cinyewar faifai kuma a babura da yawa na rage shi.

Alamomin matsala

Zamewa: inji na ƙara kuka idan an murɗa totur amma gudu bai ƙaru ba, musamman a babbar giya, a hawa, ko da kaya. Sau da yawa rashin wasa ne, wayar ta ɗaure har faifan ba sa haɗuwa sosai. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka faifan na ƙonewa, gyaran da noti ɗaya zai yi ya koma na buɗe inji.

Rashin saki: babur na ɗan tafiya gaba ko da an matse liba, giya na shiga da ƙara, firi na wuyar samuwa, inji na mutuwa a wurin tsayawa. Wannan yakan nuna wasa ya yi yawa, ko liba ta lanƙwashe tana taɓa mariƙi kafin ta gama jan waya.

Tauri: liba na da nauyi ko ba ta komawa da kanta. Tsatsa, ƙura, karyewar kube ko lanƙwasa mai tsanani a hanyar wayar ne ke jawo haka. Ƙurar hunturu da ruwan damina duk suna shiga ta bakin kube idan robar da ke rufe shi ta yage.

Ƙaruwar wasa farat ɗaya: idan wasa ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, ko ana jin ƙaras-ƙaras wajen matsawa, siraran ƙarafan sun fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Galibi kusa da liba suke tsinkewa, domin idan dunƙulen ya bushe ya daina juyawa a gurbinsa, wayar ce ke lanƙwasawa a wuri guda duk lokacin da aka matsa. Tsinkewarta a kan hanya na da haɗari, domin kuloci zai kama nan take, babur ya zabura ko ya mutu a tsakiyar titi.

Gano inda matsalar take

Ana cire wayar daga ƙarshenta biyu a gwada kowane sashe shi kaɗai. Liba ya kamata ta juya a saukake ba tare da girgiɗi sama da ƙasa ba. Girgiɗi na nufin ramin kusar da take juyawa a kai ya cinye. Ta ciki kuma ya kamata ta zame cikin kube da jan yatsu biyu. Idan dukansu lafiya suke, kuma zamewa bai daina ba bayan an saita wasa, to matsalar tana ciki: faifai sun cinye, sifirin ya yi laushi, ko man da aka zuba bai dace ba. Wasu man mota na ɗauke da sinadarin rage guga da ke sa kulocin babur zamewa, shi ya sa ake neman mai alamar JASO MA, ƙa'idar da aka fitar a Japan a 1998.

A babur na hannu ana kuma lura da notin saiti da ke kusa da liba. Idan an warware shi har ƙarshe, alama ce wayar ta miƙe ko ba ta wannan babur ba ce. Liba mai guntulallen kai ko wadda ta goge ta gefe na nuna babur ya taɓa faɗuwa.

Gyara

Ana saiti ne inji na sanyi. Wuraren saiti biyu ne: na kusa da liba don ƙaramin gyara, na jikin inji don babba. Akan mayar da na sama ciki, a daidaita wasa da na ƙasa, sannan a ƙarasa da na sama a ɗaure notin kulle. Bayan haka a juya kan babur hagu da dama har ƙarshe. Idan wasa ya canza, wayar ba ta bi hanyarta daidai ba.

Waya mai tauri da ba ta fara tsinkewa ba ana ɗiga mata mai ta bakin sama har ya fito ta ƙasa, a shafa giris a dunƙulen da kusar liba. Wasu wayoyin na da shimfiɗar roba mai santsi a cikin kube, kuma masu ƙera su kan hana sa musu mai.

Wadda ta fara tsinkewa ba ta da magani sai sauyi. Ana gwada sabuwa da tsohuwa, tsawon kube da tsawon abin da ya leƙo na ta ciki, domin idan suka bambanta saiti ba zai yiwu ba. Makanikai kan ɗaure sabuwar a jikin tsohuwar su jawo, don ta bi ainihin hanyar, nesa da zafin salansa. Sabuwar waya kan ɗan miƙe a farkon amfani, don haka ana sake duba wasa bayan 'yan kwanaki.

Libar alminiyam da ta lanƙwashe kan tsage idan aka miƙe ta, saboda haka sauya ta ake yi. A baburan da ke tashi da maɓalli akwai ɗan makunnin lantarki a gindin liba. Idan aka manta ba a mayar da shi ba, babur ba zai tashi a cikin giya ba ko da an matse kuloci.